Idon Mama ya dushe, ni kuma na daina tsokanarta

Anti, don Allah ki taimaka min, na gaji. Abokina ne ke rubuta min wannan, ni makarantar allo kawai na yi.

Akwai maƙwabciyarmu da nake kira Mama, Kirista ce. Ita ta shayar da ni lokacin da mahaifiyata ke jinya, bayan ta rasu kuma ita ta ci gaba da yi min wanka da faɗa. Ni kuwa da tsokana nake biyanta. In ɓoye mata tabarau, in zuba gishiri a robar sukari, ta biyo ni da tsintsiya tana dariya, tana cewa Allah ya shirye ni ko ta wane addini ne.

Yanzu idonta ya dushe, inuwa kawai take gani. Ɗanta yana nesa, sai dai waya. Ni ne ɗiga mata magani, ni ne kai ta asibiti, in koma shagona na aski a gajiye. Tsokana kuwa na daina. Wa zai ɓoye wa mai lalube takalmi? Lallaɓa ta nake yi kamar ƙwai.

Suna cikin azuminsu na kafin Ista. Ta ce akwai wata Lahadi a tsakiyarsa da ake sassautawa a yi murna, a gode wa Allah da ya ba mu uwaye, tana so in raka ta coci. Ta ce haskenta na gaskiya Yesu ne, wannan bai dushe ba. Abin da ke damunta, tun da na yi hankali gidan ya koma kamar ɗakin jinya. Wai ko na fara yi mata zaman makoki ne?

Anti, ranar murna take so, ni kuma barkwancin ya ƙare min. Yaya zan yi?

Shaƙiyyin layinmu

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Ka yi daidai da ka bar ɓoye-ɓoyen kaya, yanzu mugunta zai zama. Amma ita ma tana da gaskiya: ranar da ka daina tsokanarta, ranar ta tabbatar ta zama marar lafiya. Kunnenta lafiya lau yake. Kwaikwayi muryar likitanta, ba ta labarin masu sanƙon da ke zuwa aski, ka bar ta ta rama.

Gajiyarka kuma ta gaske ce. Kira ɗanta ka gaya masa komai ba kunya, ka roƙi matan cocinsu su riƙa karɓarka zuwa asibiti. Wanda bai huta ba ba ya ba da dariya.

Ranar Lahadin, riƙe hannunta har ƙofar coci. Kai da addininka, ita da nata, ba ta nemi ka sauya ba. So take a tambaye ta wa ya kawo ta, ta ce ɗanta ne.

Allah ya ba ta sauƙi, kai kuma ya huce maka gajiya.