Gangar Elmer

Litinin, 6 ga Mayu

Mutane suna zaton muryar ganga a hannun mai kiɗa take. Ni ma haka na zata, shi ya sa tun da mijina Elmer ya rasu a Fabrairu ban taɓa tasa ba. Tana rataye a bayan ƙofa.

Jirgin ruwan farko na masu yawon buɗe ido ya iso yau. Baƙi arba'in a bas: minti arba'in a lambun da Elmer ya shuka, ashirin a zauren rawa, sannan su koma tashar jirgi. Yarana goma sha ɗaya, 'yan makarantarmu, sun yi rawa da barguna masu maɓallai. Ba makaɗi, sai na kunna muryarsa da na ɗauka a waya bara don su riƙa bita. Ya cika zauren kamar yana tsaye a bayana.

Ban yi kuka ba. Na ƙirga maɓallan bargon Shaylene, ɗaya daga cikin yaran, har aka gama.

Alhamis, 16 ga Mayu

Barewa ta cinye furannin bakin gada. Shi ya san inda take shigowa, ni ban sani ba. Wata baƙuwa mai jar lema ta ce, "Wane ne mai waƙar nan a lasifika?" Na ce mijina. Ta ce, "Kin more! Ki gaishe shi." Na ce zai ji.

Talata, 4 ga Yuni

Yaya Verna, yayar Elmer, ta zo ta zauna a layin baya ba ta cire rigar ruwa ba. Da bas ta tashi ta kira ni.

"Roberta, sau nawa kike tashin ƙanena a mako?"

Na ce tara.

"Tara! Ko da ransa ragon nan bai taɓa aiki haka ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Waƙar ta gidansu ce, ta zuriyar da ake kira 'yan Mikiya. Ni 'yar zuriyar Hankaka ce, aro aka ba ni saboda shi. Ta ce ba ta hana yara waƙar ba, amma daga ɗaya ga Agusta sai dai mai rai ya rera. In ba haka ba a ajiye ta har a yi taron tunawa da shi baɗi. "Ki bar shi ya kwanta, ƙanwata."

Laraba, 5 ga Yuni

Ita tana da yarintarsu gaba ɗaya. Ni minti huɗu da daƙiƙa goma na muryarsa a waya gare ni.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na sauke gangar. Na buga sau ɗaya, ta yi ɓaf, kamar jiƙaƙƙen kwali. Fatar ta saki. Na mayar da ita. Ashe tare suka tafi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Shaylene, jikar Yaya Verna, shekararta goma sha biyar kuma bakinta ba linzami, ta tare ni a wajen bita.

"Malama, kin lura ƙananan nan tarin suke rawa?"

Na ce wane tari?

"Na Kaka Elmer mana. Tsaya ki gani."

A tsakiyar baiti na biyu Elmer ya yi ɗan tari, mura yake yi ranar da na ɗauka. Na kunna. Da aka zo wurin, su shida suka daskare, ƙafa ɗaya a sama, sannan suka ci gaba. Sun ɗauka cikin rawar yake. Ɗaya ma har dafe ƙirji take yi.

Shekara ashirin da biyu ina gaya wa yara kada su haddace kuskuren littafi. Ga shi da hannuna na koya musu murar mijina.

Asabar, 13 ga Yuli

Yaya Verna ta kawo kyafaffen kifi. Na ce mata ba taurin kai nake yi ba, gangar ce ta mutu. Ta sauke ta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekara nawa kika yi da shi?"

Ashirin da shida.

"Kullum ina yake saka ta kafin rawa?"

Na ce cikin rigarsa, don kada ruwan sama ya taɓa ta.

"Ruwan sama! Kai, 'yan boko. Ɗumama ta yake yi. Fatar barewa ce, in ta sha sanyi sai ta yi shiru."

Ta cusa ta cikin rigar sanyinta, ta rungume, ta ci gaba da ba ni labarin ranar da ya faɗa ruwa yana ɗan shekara bakwai wajen satar kaguwa. Muna cikin dariya sai na ga hawaye a haɓarta. Ban taɓa tambayarta yadda take kwana ba.

Da ta fito da ita ta buga, kofunan da ke jere a kantar kicin suka amsa.

Shaylene za ta rera, waƙar gidansu ce. Kiɗan kuwa wai ni. Na ce hannuna na alli ne. Ta ce, "To alli ma bugawa ake yi?" Ban gane ba, ita ma ina jin ba ta gane ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

Mun yi, ba lasifika. Na yi sauri, Shaylene ta harare ni, na rage. A baiti na biyu yaran suka tsaya cak a wurin tarin. Ba tari. Shiru kawai, girman mutum guda. Baƙi suka yi tafi, sun zata gwaninta ce.

Na shiga rumfar kayan lambu na zauna a kan buhun taki. Safar hannunsa tana nan a kan ƙusa, da lanƙwasar yatsunsa. Sai da direba ya yi oda sau uku na fito.

Laraba, 18 ga Satumba

Jirgin ƙarshe. Ruwa tun safe. Na zaga da baƙi lambun da ganga a cikin rigata, wani tsoho ya tambaya ko jariri na ɓoye. Na toshe inda barewa take shigowa, ashe bayan rumfar ne.

Yaran sun daina tsayawa. Yau ni kaɗai hannuna ya ɗan jinkirta a wurin, Shaylene ta ja numfashi ta rufe mini, ba wanda ya lura.

Wayar tana cikin aljihun tebur. Ina jin kwana tara ke nan ban kunna muryarsa ba. Ba wai na yanke shawarar komai ba ne, aiki ne ya yi yawa.

Bayan rawa, ƙaramar nan mai dafe ƙirji ta ce gangar ta sake yin sanyi, wai ko ta lalace. Na buɗe mata rigarta, na saka mata, na naɗe hannuwanta a kai.

Na ce, "Riƙe ta sosai, 'yata. Ki ƙirga ɗari, sannan ki gwada da kanki."