Gafakar Malam Tana Ƙarƙashin Ruwa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na durƙusa ina gaishe ki kamar yadda kika koya mini, kai a ƙasa, takalmi a bakin ƙofa. Ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Inna, ɗanki ya zama marubuci. Na san da kina nan cewa za ki yi tatsuniya ce aka sa wa babbar riga. Littattafan nawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su: mutum ya bi ta wata ƙofa, ya tsinci kansa a zamanin da ya shuɗe, yana cigiyar tsohuwar takarda da ta ɓace. Masu karatu sun ishe ni da tambayar me ya sa kullum takarda. Nakan ce haka labarin ya zo. Ba gaskiya ba ne, kuma ke ya kamata ki fara jin dalilin.

Kin tuna shekarar da aka datse kogi a Tiga, aka ce mu tashi, ruwa zai cinye garinmu. Ina koyarwa a firamare a Bebeji lokacin, Malam mahaifinmu kuma bai daɗe da rasuwa ba. Na zo na tarar kowa ya ɗaure kaya, ke kina kan tabarma kina tsince wake, kamar ba da ke ake ba. Ke a saninki kogi yakan cika da damina ya ci fadama, rani na yi ya koma makwancinsa. Kin ce babu inda za ki je ki bar ɗakin Malam.

Ni ɗan fari ne. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa haɗa ido da ni ba. Ko ina zaune a gabanki, ta bakin ƙanwata Hajara saƙonki yake iso ni. Ran nan kaɗai kika ɗago kika dube ni, kika ce, "Kai da ka yi boko, wannan ruwan yana janyewa da rani?"

Na ga takardun ma'aikatan madatsar ruwan, na san ba ya janyewa har abada. Na kuma san in na faɗa ba za ki hau motar ba. Sai na ce miki yana janyewa.

Nan take kika miƙe. Kika share tsakar gida fes, kika kife tukwane. Sannan kika ɗauko gafakar Malam, jakar fatar da yake adana rubuce-rubucensa na ajami. A ciki akwai asalin garinmu, da wanda ya fara saran dajin, da sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Kika leƙa waje, hadari ya haɗo, motar kayan kuwa ba ta da rufi. Kika ce tawadar Malam ba ta son ruwa, ɗigo ɗaya ya isa ya wanke layi. Kika sa na hau turmi na rataye ta a azara mafi tsawo, wai da rani ma dawo mu ɗauka.

Da hannuna na rataye ta, Inna. Kalma ɗaya ta isa, in ce mu tafi da ita, amma na ji tsoron ki gane. Kika garƙame ƙofar da kwado, kika ƙulle mukullin a bakin zanenki.

A sabon wuri, kusa da garin Ƙofa, manoma suka koyi jefa komar kamun kifi da noman rani. Ke ba ki koyi komai ba sai jira. Ko ɗanwake kika yi sai kin ce ruwan rijiyar nan bai kai na gida daɗi ba. Duk rani sai Hajara ta zo mini da tambayarki, ni kuma in ce saura kaɗan. Rani huɗu muka yi a haka, na biyar bai same ki ba.

Na taɓa shiga kwalekwale, wani masunci ya nuna mini busasshen kan kukar ƙofar gidanmu yana leƙowa daga ruwa. Na ce ya mai da ni gaɓa. Na ji haushin kaina ran nan, har yau kuma bai huce ba. Shi ya sa nake ta tura mutanen ƙarya su koma baya su ɗauko mini takarda. Su sukan samo tasu, tunda alƙalamin a hannuna yake.

A littafin da nake rubutawa yanzu, saurayin ya koma ya gaya wa mahaifiyarsa gaskiya. A nan na tsaya wata uku, don ban san me za ki yi ba da kin ji. Watan jiya na je wurin Hajara a Ƙiru, duk mun yi furfura, na kwashe komai na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma, ta ajiye a gabana. Mukullin ne.

Ta ce a ciwonki na ƙarshe kika ba ta, kika ce, "Tun a mota na gane, don kowa na waiwayen garin ban da shi. Kada ki ba shi sai ranar da ya faɗa da bakinsa." Ta tambaye ki to me ya sa kike ta aiken ta duk rani. Kika ce, "Don kada ya san na sani, ya kasa shigowa gaishe ni."

Inna, ashe shekara huɗu kina rufa mini asiri, ni ina zaton ni nake rufa miki. Na yi kuka a zauren Hajara kamar ranar da aka kai ki. Littafin nan ba zan ƙarasa shi ba, babu sauran abin da zan aiki kowa ya ɗauko mini. Mukullin yana aljihuna, ya yi tsatsa, har yanzu da guntun bakin zanenki a jiki.

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinku, Ya sada mu a gidan da ba a cewa kowa ya tashi. Amin.

Naki,
Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.