Ƙullin Baban Sefako

Zuwa ga yayana Agbeko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Libreville. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ka, ya kuma sa wa jirginka albarka. Mu nan Keta lafiya lau, sai dai kifi da ya yi ƙaranci. Murhuna biyu kawai nake hurawa yanzu cikin biyar.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro, kaina ne ya ɗaure. 'Yata Sefako ta zo gida. Ka san ta da kyamarar nan, shekara tara tana bin teku tana ɗaukar fim wai don a daina kashe abin da ke ciki. 'Yar mai ƙyafa kifi fa! Ko jana'izar ubanta bara sai da aka rufe shi ta iso, tana can ƙarƙashin ruwa da kunkuru. Amma da ta ji teku ya turo gawar boso bakin gaɓarmu, ƙaton kifin nan mai fesa ruwa ta ka, kafin rana ta yi tsaka ga ta a ƙofar gida. Ban ɓoye mata ba, na ce ashe kifi ya fi uba saurin kira.

An yi wa boson jana'iza yadda aka saba: farin ƙyalle, ganguna, ba jirgin da ya fita kwana uku. Wani tsohon taru ne ya naɗe masa wutsiya, ya ci nama har ƙashi. Kafin dattawa su iso Sefako ta ɗauke shi a kyamara, ta yanke tarun ta cusa a buhu. Sarkin masunta ya yi ta tambayar tarun na wane ne, don gidan da ya kashe boso ba mai ƙara shiga jirginsu. Kowa ya ce na manyan jiragen baƙi ne, ni ma har da tofar da yawu.

Shekaranjiya ta zaunar da ni ta nuna mini hoton, ta matso da shi kusa. Yaya, gyaran hannun marigayi mijina ne. Ƙullin nan nasa mai komawa baya sau biyu, da shuɗin zare, wanda kake tsokanarsa wai yana ɗinki kamar tela. Tarun da igiyar ruwa ta ƙwace masa shekara uku da suka wuce, har ya yi mako bai ci tuwon akple ba. Ta ce tun a bakin ruwa ta gane, don a cinyarsa ta koyi ƙullin.

Ran kasuwa mai zuwa za a nuna fim ɗin a filin makaranta. Ta ce idan aka ga taru ne na gida, na mutumin kirki, masunta za su yarda su riƙa nemo tarun da ya ɓace musu. Idan kuwa na baƙi ne, kowa zai zagi baƙi ya koma gida. Amma ta ce sunan mijina ne, in na ce a cire wurin za ta cire. Na yi mata faɗa, na yi kuka, daga baya na ce ta sake nuna mini. Sau shida na kalla. Ban san ko kunya nake ji ko kewa ba, don tun da aka binne shi ban ga aikin hannunsa ba sai a jikin wannan dabba.

Ka gaya mini abin da zan ce mata, kai ka yi shekara ashirin a jirgi ɗaya da shi. Ka tuna yadda yake bugun ƙirji cewa ƙullinsa ba ya kwancewa ko teku ya yi hauka? Yaya, shekara uku a cikin ruwa, bai kwance ba.

Ka gaida matarka Afiwa, da Edem, da 'yan biyu.

Ƙanwarka,
Mawusi