Tsohon Alƙali da Robar Asibiti

Hajiya mai wannan fili,

Ina neman taimakonki a kan al'amarin da na kasa faɗa wa kowa da baki. Alƙalanci na yi har na yi ritaya, kuma na fi sabawa da a nemi shawara a wurina. Saboda haka ki yi haƙuri idan wasiƙar ta yi kama da takardar hukunci.

Shekaruna sittin da ɗaya, mai ɗakina tana da arba'in da uku. Allah ya ba mu ɗa guda, muna kiransa Dogo domin tun yana sakandare ya kere ni tsawo. Shekara biyu ke nan da ya rasu a hatsarin mota, a hanyarsa ta komawa jami'a. Na karɓi gaisuwa ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, jama'a suka yi ta yaba dauriyata. Takalmansa na ƙwallo suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa, ni ke goge su. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Bara na kawo wa mai ɗakina shawarar mu sake neman haihuwa. Ta yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin amincewa. Na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi game da shekarun mace da raguwar ƙwayayen haihuwarta, har nakan yi wa likita gyara. An ɗebi jininta, an yi mata hoton ciki, ta sha magani, ta sha allura. Ni kuwa ina kan benci da jarida a hannu, duk ma'aikaciyar jinyar da ta tambaye ni sai in ce rakiya na yo.

Matsalar ta taso ne ranar da likitar, wadda na tabbata na girmi mahaifinta, ta miƙo mini wata 'yar roba mai murfi, ta nuna mini wani ɗaki a ƙarshen baranda, ta ce ni ma sai an gwada maniyyina. Na ce zan duba lamarin. Na ɗage zaman, na sake ɗagewa. Hujjata ita ce na taɓa haihuwa, kuma yayana ya tuna mini cewa kakanmu ya haifi autansa yana dogara sanda.

Robar ta daɗe a aljihun motata. Ranar Asabar na tarar da ita a kan tebur, kusa da kofin shayina. Mai ɗakina ce ta ajiye ta a wurin, kuma tun ranar ta daina shan maganinta.

Shin da gaske shekaru suna taɓa namiji, ko likitar so take ta raba mana laifin daidai? Kuma ta yaya zan lallashi mai ɗakina ta koma kan magani ba tare da na shiga ɗakin nan ba?

Mai Rakiya


Ranka ya daɗe, Mai Shari'a,

Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ya huta. Ka ce ba za ka ƙara komai ba, amma abin da ka faɗa ya isa.

Yanzu ka ba ni aron kujerarka. A shari'ar nan an binciki ɓangare ɗaya tun daga jini har hoto, ɗayan kuwa ya wanke kansa da shaidar kakansa, wanda ba shi da halin zuwa kotu. Da lauya ne ya kawo maka irin wannan, da tuni ka kore shi waje.

Abin da ka karanta game da mata gaskiya ne. Ƙwayayen haihuwa suna raguwa, raguwar takan yi sauri bayan talatin da biyar, ta ƙara bayan arba'in, sannan haɗarin ɓari da hawan jini yana ƙaruwa. Sai dai ka rufe littafin da wuri. Namiji ba ya tsayawa lokaci ɗaya kamar mace, amma shi ma ƙarfin maniyyinsa da ingancinsa suna ja baya a hankali, kuma ciwon suga ko wasu magunguna kan ƙara rage shi. Haihuwar da ka yi shekara ashirin da suka wuce shaida ce a kan mutumin wancan lokacin. Na san da nauyi dattijo ya karɓi roba daga hannun sa'ar 'yarsa, amma ka auna wannan kunyar da alluran da baiwar Allah ta sha. Ka je a gwada ka. Ka tambaya ma, wasu asibitocin sukan yarda a kawo daga gida idan babu nisa.

Lallashi kuwa, ba zan koya maka ba, domin har yau ba ka ji ta bakinta ba. Mai yiwuwa tana son haihuwar, tana jira ne ta ga ka ɗauki rabonka na wahalar. Mai yiwuwa kuma tsoron ciki take a wannan shekarun, ko tsoron ta haifi yaron da za a yi ta auna shi da wansa. Ta bi ka asibiti ne don ta ga abin ya ba ka dalilin fita daga gida. Ita ma ɗa ta rasa, kuma kai kaɗai ne ka san girman rashin kamar yadda ta sani.

Kafin ka koma wurin likita, ka zauna da ita ka tambaye ta abin da take so, sannan ka yi shirun da ka saba sa wasu su yi. Idan ta ce a ci gaba, ku shiga tare, babu sauran mai rakiya. Idan ta ce ya isa, ka karɓi hukuncin ba tare da ɗaukaka ƙara ba. In hawaye ya zo maka a gabanta, ka bar shi, ba jama'a ba ce.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya bar ku tare.