Zufar Dare a Jidda

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida a Azare. Ya ƙafar Inna?

An yi mini aikin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, har an sallame ni, alhamdu lillahi. Ina cin abinci, ina ɗan takawa zuwa shagon ɗinkinmu. Sai dai da dare zufa kan jiƙa ni sharkaf har sai na sake riga, da asuba kuma in kama rawar ɗari. Zafin jikin ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Likita ya ce akan ga haka bayan irin wannan aiki, amma ya ɗebi jinina don a duba ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Sakamako bai fito ba, kuma ya hana ni hawa jirgi.

Don Allah kada a ɗaga auren Jamila saboda ni. Bappa ya tsaya a madadina ya ba da ita. Inna kuwa, ki ce mata aiki ne ya riƙe ni. Ki turo mini hoton 'yata da lallenta, ko da guda ɗaya ne.

Allah ya ba su zaman lafiya.

Ƙaninki,
Naziru