Kunnen Robar da Na Karya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Yaya, na yi laifi, kuma wani ne yake ɗauke da shi a madadina.

Kin san hannun Baban yara ya fara rawa tun bara. Kin kuma san shekara ashirin ke nan ina riƙe masa fitila a gareji, ina miƙa masa sifana, har kike tsokanata da cewa garejin na aura, mijin rakiya ya yi.

Makon jiya wani malamin makaranta ya kawo motarsa a canja filtar mai. Tiyo biyu ne a jere a wurin, ɗaya na fetur, ɗaya na tururin da ke fitowa daga tanki, kowanne da maƙalin roba mai kunnuwa biyu. Na haddace ƙa'idarsa daga bakin Baban yara: a share datti, a tura shi ciki tukuna, a matse kunnuwan biyu tare da yatsu, sannan a ja a hankali. Ba a kai masa ƙarfe. In an mayar kuma, sai an ji ya ce ƙas.

Ina tsaye ina kallo, sau uku yatsunsa suna zamewa daga kunnuwan. Aka kira azahar, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Na ce bari in hutar da shi. Robar ta tsufa ta bushe, ta ƙi ni, ni kuma ina so in gama kafin a sallame, sai na sa sukudireba. Kunne ɗaya ya ɓalle ya faɗo a tafina. Na canja filtar, na mayar da tiyon, ban ji ƙas ba. Na gaya wa zuciyata ai na tururi ne, iska kawai yake ɗauka. Yaya, na san na fetur ne. Warinsa yana hannuna.

Da ya dawo ya tarar da aiki a gama, na ce masa ai shi ya ƙarasa kafin ya fita. A ganina alheri nake yi masa. Ya yi dariya, ya ce tsufa ya fara yi masa sata, ya rufe bonet. Bai duba ba, domin bai taɓa shakkar aikin hannunsa ba.

Bayan kwana biyu tiyon ya zare a kan hanya, fetur ya fesu a kan inji mai zafi, wuta ta tashi. Malamin ya tsira da ransa, alhamdulillahi, amma hannunsa na dama ya ƙone, motar kuma ta zama baƙin ƙarfe. Baban yara ya je asibiti ya ce laifinsa ne.

Na yi wa Allah alkawari a kan sallayata cewa zan gaya masa gaskiya kafin ya tafi sallar Juma'a mai zuwa. Ki zama shaida.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, amsarki ta iso. Kin ce in daina wa'azi a takarda in buɗe baki. Kin yi gaskiya, kamar kullum, ko da yake ba kya iya faɗinta a tausashe.

Juma'a ta zo ta wuce. Na goge masa riga, na tsaya a bakin ƙofa, guntun robar yana dunƙule a hannuna. Ya juyo ya ce in sa shi a addu'a, Allah ya yafe masa sakacinsa. Na ce a dawo lafiya. Iyakar abin da ya fita daga bakina ke nan.

Ya daina buɗe garejin. Zama yake a tsakar gida yana duban tafukansa. Jiya jikarmu ta rarrafo ta ɗaga masa hannuwa, ya ƙi ɗaukarta. Ya ce wanda ya manta da tiyo zai iya mantawa cewa yana riƙe da yarinya. Ya kuma ce a ƙarshen wata zai mayar wa mai rumfar da muke hayarta gareji da makullinsa.

Ina azumin Litinin da Alhamis, ina gyara wa maƙwabta karatu, ana kirana in raba gardama saboda an ce ba na ƙarya. Na tambayi kaina: tausayinsa ne ya rufe mini baki, ko tsoron kada ya daina dubana yadda ya saba? Na auna, na sake aunawa, ban sami tausayi a ciki ba sai kaɗan.

Ki ci gaba da yi mini faɗa.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da gida, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya.

Bai jira ƙarshen wata ba. Wani tela ya matsa yana son rumfar, ran Laraba ya miƙa makulli, kayan aikin kuma ya ba ƙaninsa. Ta taga na ga ana loda su.

Ran Lahadi da safe na ajiye guntun robar a faranti kusa da shayinsa, na faɗi komai. Ya ɗauka yana juya shi, har ya ga ƙarzar sukudireba. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko na ji ƙas. Na ce ban ji ba. Ya ce karya roba ba komai ba ne, shi ma ya karya da yawa yana saurayi. Abin da ya yi masa nauyi shi ne na bar shi yana zargin hankalinsa, ina zuba masa abinci ina kallo.

Da yamma muka je wurin malamin, na maimaita da bakina. Ya ce ya yafe. Har yanzu bai iya riƙe alli ba.

Yau na ga Baban yara ya ɗaga jikarmu sama, tana ƙyalƙyala dariya, hannun yana rawa amma ya riƙe ta. Ni kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba. Na bi ta gaban garejin ɗazu, kekunan ɗinki uku ne a inda nake tsayawa da fitila.

Ki gaida maigidanki da yara. Game da abin da na sa ki shaida a kai, ban cika alkawarin ba. Juma'a na ce, sai bayan kwana tara na faɗa, kuma a cikin kwanakin nan garejin ya tafi.

Ƙanwarki, Auta.