Kwana Arba'in Ko Hamsin Da Shida?

Tanti Khadija, don Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin, domin kwana uku ke nan ban iya cin abinci sosai ba.

Ni 'yar Diffa ce, shekarata ashirin da huɗu. Bara na gama lisans, watau digiri na farko, a fannin shari'a a Damagaram, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Mahaifina manomin tattasai ne, amma saboda rashin tsaro tun 2015 bai sake taka lambunsa na bakin kogin Komadugu ba. A haka ya ga na gama karatu. Wata biyar da suka wuce amininsa, wanda nake kira Baba Alhaji, ya ɗauke ni aiki a biro ɗinsa, watau ofishinsa. Yana da sito da injin niƙa tattasai, da ma'aikata goma sha bakwai, sha ɗaya mata.

Kada ki ɗauka mugu ne. Lokacin da hukuma ta hana cinikin tattasai, bai sallami kowa ba. Kusan rabin matan nan 'yan gudun hijira ne. Duk wadda ta haihu yakan ba ta kwana arba'in, ya aika mata da itacen wanka da shinkafa. Shi ya sa wa kansa wannan, kuma yana alfahari da shi. Ni ma ina alfahari da aiki a wurinsa.

A cikin matan akwai Zainaba, mutuniyar Damasak ta Nijeriya da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga. Shekararta uku da wata huɗu tana ɗinkin bakin buhu. Mijinta ɗan kabu-kabu ne, tun da aka hana hawan babur bai samu tsayayyen aiki ba, ita ke riƙe da yara huɗu. Ta yi aiki har saura kwana huɗu ta haihu. Ta haihu ranar 3 ga Maris, da tiyata. Arba'in ɗinta ya cika 12 ga Afrilu, ba ta dawo ba, ta aiko cewa ɗinkin bai gama warkewa ba. Baba Alhaji ya ce shi ya cika nasa alƙawari, buhuna kuma sun taru, in buga takardar sallamarta, ya riga ya yi wa wata magana ta maye gurbinta.

Tanti, na san dokar aiki ta 2012. Sashe na 111 ya ba mai haihuwa mako goma sha huɗu, takwas daga ciki bayan haihuwa, watau kwana hamsin da shida, kuma a cikinsu ba a korarta. Nata ba zai cika ba sai 28 ga Afrilu. In likita ya shaida rashin lafiya ana ƙara mako uku. Na koma farkon dokar na karanta sau uku, ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Ban buga takardar ba, kuma har yanzu in na tuna hakan sai in ji ban yi karatun banza ba.

Amma ta yaya budurwa kamata za ta zauna gaban sa'an ubanta ta yi masa zancen haihuwa da ɗinki? Kunya ta hana ni. Sai na fitar da shafin dokar, na ja layi da jan biro, na sa a ƙarƙashin farantin shayinsa. Na manta ba ya karanta Faransanci. Ya ga tambarin ƙasa a sama, ya ga jan layi, ya ɗauka sammaci ne, wai na kai shi ƙara Enspeksiyon ta aiki, ofishin da ke sa ido kan haƙƙin ma'aikata. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Ya gaya wa mahaifina cewa 'yar da ya yi wa huɗuba da bakinsa ta haɗa shi da hukuma. Mahaifiyata ta ce boko ya cire mini kunya. Mahaifina bai ce komai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ranar Litinin sabuwar za ta fara aiki. In buga takardar a zauna lafiya, ko in ajiye aikin? Zainaba ba ta ma san abin da ake ciki ba.

Taki, Mai Jan Biro, Diffa

Mai Jan Biro, 'yata, sannu. Na bi kwanakinki ɗaya bayan ɗaya, ba ki yi kuskuren ko guda ba. Ƙin buga takardar nan daidai ne, ki riƙe shi da kyau. Ajiye aiki kuwa ki cire shi daga ranki, domin in kin tafi wani zai buga ta cikin minti biyar.

Inda kika yi kuskure shi ne farantin shayi. Mutumin da ya shekara goma yana ganin takardun hukuma suna rufe kasuwa suna hana noma, in ya ga tambari a ƙarƙashin kofinsa dole gabansa ya faɗi. Ba dokar ce ta ɓata masa rai ba, don bai ma san abin da ta ce ba. Abin da ya ji shi ne 'yarsa ta juya masa baya. Wannan kam ki ba shi haƙuri a kansa, ba tare da kin janye maganarki ba.

Ki fara da mahaifinki, yau ɗin nan. Ki karanta masa shafin da Barbarci, ki nuna masa babu sunan kowa a ciki. Shirunsa mai yiwuwa jira yake ya ji daga bakinki. Sannan ku je gidan Alhaji tare, ba biro ba. Zancen ɗinki ki bar wa mahaifiyarki ta yi da uwargidansa, su sun san ciwon. Ke kuma ki ce masa arba'in ɗinsa ya riga dokar shiga sitonsa, kwana goma sha shida kawai ta ɗora a kai. Ki gaya masa da ya sa hannu a sallamar nan, da shi za a kira Enspeksiyon, kuma ke kika tare masa.

Shi ma yana da gaskiyarsa, buhuna ba za su ɗinke kansu ba. Ki rubuta wa sabuwar ma'aikaciyar kontira, watau yarjejeniyar aiki, ta ɗan lokaci, a faɗa mata tun farko cewa riƙon wuri take yi. Zainaba kuma a sanar da ita, domin aikinta ne ake magana. Ta karɓo takardar likita kafin 28 ga wata. In an lafa, ki duba ko an yi wa matan nan rajista a Kes, asusun inshorar ma'aikata, wannan ne aikinki na gaba. In duk da haka ya dage, Zainaba na da ikon zuwa Enspeksiyon da kanta, can ma da sulhu ake farawa.

Ki gaya wa mahaifiyarki kunya ce ta sa ki ɓoye takarda ƙarƙashin faranti, ba rashinta ba. Allah ya ba Zainaba lafiya, ya raya jaririn. Ranar Litinin ki shiga biro da kanki a sama, ki miƙa wa Baba Alhaji shayinsa hannu da hannu.

Tanti Khadija